Ruwa a Jakar Zuciya

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya ga 'yar jakar nan da zuciya ke ciki. Mu ma muna da ita. Akwai sankarar da ke kama ta, kodayake da wuya ƙwarai a gamu da ita. Ruwa ke taruwa ya matse zuciya: sai haki, ciwon ƙirji, ƙafafu su kumbura.

To, kar hankali ya tashi. A ƙasashenmu tarin tibi ya fi kawo wannan ruwa, kuma yana da magani, wata 6 ana sha. Hoton zuciya da gwaje-gwajen asibiti ke rarrabewa. Malam, in haki ya hana ka bin shanu, ƙahon wanzami ba ya kaiwa nan. Nemi likita, kar ka jira ranar kasuwa.