Kafin Ka Kashe Injin Niƙa, Duba Wane Kuɗi Zai Tafi Da Shi

Yau maganata da masu sana'a biyu a rumfa ɗaya take, irin su mai injin casar shinkafa da injin niƙa a gefe, kamar yadda ake gani daga Wurogauri har Gwandu da Kalgo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tambayar da ake yawan yi min ita ce: niƙa ba ya kawo riba, in rufe shi?

To mu ɗauki misali. A ce niƙa yana kawo naira 90,000 a wata. Mai, da kuɗin yaron da ke kan injin, da gyaran dutse sun cinye 70,000. Sai ka raba hayar rumfa da albashin mai gadi biyu, ka ɗora wa niƙa 30,000. Littafi zai ce ka yi asarar 10,000. Shi ke nan, sai ranka ya ɓaci.

Amma tsaya. Ka rufe gobe, mai rumfa zai rage maka haya? Mai gadi zai karɓi rabin albashi? A'a. Wannan 30,000 tana nan daram, casa ce za ta ɗauke ta ita kaɗai. Abin da ya tafi shi ne 90,000 da ke shigowa da 70,000 da ke fita. Ka ga kenan ka yar da 20,000 duk wata da hannunka. Ni dai a ganina, rabon hayar nan shi ke ruɗa mutane, don lissafin takarda ne kawai.

Ga kuma matar da ta aiko yarinya da gero, ita ce bayan girbi za ta aiko da shinkafa. In ta saba da wata rumfar, da wuya ta dawo.

Ba ina cewa kar a taɓa rufewa ba fa. In kuɗin mai da yaro kaɗai sun wuce abin da niƙan ke kawowa, kashe shi yau. Haka in wurin zai ɗauki injin casa na biyu, ko wani zai yi haya ya ajiye buhunan shinkafa ya biya ka fiye da 20,000 ɗin nan, to niƙa ya ba da wuri. Ku turo naku alƙaluman, mu buga su tare a shiri na gaba.