ƳAR FITILAR DA KE GADIN ISKAR TAYA

Jawabi domin direbobi, da masu mota, da masu faci

Maganar yau a kan taya take, da iskar da ke cikinta, da wata ƴar fitila da ke kamawa gaban direba cikin motocin zamani. Mutane da yawa suna ganinta, amma ba su san abin da take faɗi ba. Wasu har liƙe ta suke yi da takarda don kada ta dame su. Wannan kuskure ne babba, domin rai ne a ciki.

Me ya sa iskar taya take da muhimmanci?

Iska ce ke ɗauke da mota. Taya mazubi ce kawai. Idan iska ta ragu, gefen taya yana lanƙwashewa yana miƙewa duk juyi ɗaya. Wannan lanƙwasa ita ke haifar da zafi. Kowa ya san in aka yi ta lanƙwasa waya da hannu, za ta yi zafi, daga baya ta karye. Haka taya take.

Daga Yamai zuwa Damagaram, ta Doso da Ƙwanni da Maraɗi, kusan kilomita 900 ne. Cikin watan Afrilu da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka zafi. A haɗa zafin hanya, da nauyin kaya, da gudu, da ƙarancin iska. Sai taya ta fashe, mota ta ƙwace wa direba. Ko ba ta fashe ba, akwai hasara: mota tana shan mai da yawa, taya kuma tana cinyewa ta gefe biyu tun lokacinta bai yi ba.

Ido ba ya isa a nan. Tayar zamani tana iya rasa iska mai yawa, a dube ta a ga kamar lafiya lau take. Shuri da ƙafa ko bugu da ƙarfe ba awo ba ne.

Daga ina fitilar ta fito?

A shekarar 1986 aka fara sa wannan na'ura cikin wata motar Jamus mai tsada, Porsche 959. Lokacin nan abin masu kuɗi ne. Daga baya wani bala'i ya faru a Amurka. Tayoyin Firestone da ke kan motocin Ford Explorer suka riƙa ɓarewa bisa hanya, motoci suna kifewa. Mutum fiye da 200 suka rasu. A shekarar 2000 aka janye tayoyi miliyan 6 da rabi, majalisar Amurka kuma ta yi doka. Tun daga Satumba 2007, duk sabuwar ƙaramar motar da za a sayar a can dole ta zo da na'urar. Ƙasashen Tarayyar Turai su ma sun wajabta ta ga dukkan sababbin ƙananan motoci daga Nuwamba 2014.

To ina ruwan direban Tawa ko na Maraɗi da dokar Amurka da ta Turai? Da ruwansa. Yawancin ƙananan motocin da ke yawo a ƙasar nan na hannu ne, an yi aiki da su a Turai ko Amurka kafin su iso ta jirgin ruwa. Na'urar tana zuwa tare da su. A littafin mota ana rubuta sunanta da haruffa huɗu: TPMS.

Yaya fitilar take? Launinta rawaya ne. Siffarta kamar tukunya mai buɗaɗɗen baki, da alamar motsin rai a tsakiya, wato sanda da ɗigo a ƙarƙashi. In aka kunna mota takan kama na ɗan lokaci ta mutu. Wannan gwaji ne, ba komi.

Na'urar iri biyu ce

Iri na farko, mai awo ne kai tsaye. A cikin kowace taya, a gindin bawul, inda ake sa bakin famfo, akwai wani ɗan abu kamar kwalin ashana. Yana auna ƙarfin iska, yana auna zafinta. Yana da ɗan batir nasa, da ƴar rediyo. Idan mota tana tafiya, yana aika labari ta iska zuwa ga kwamfutar mota, babu waya. Idan mota ta tsaya ta daɗe, sai ya rage magana don batir ya yi ƙarko. Kowane ɗaya yana da lambarsa, kamar katin shaida. Da lambar nan mota ke gane nata, ba ta ɗaukar labarin motar da ke kusa da ita. Wasu motoci har suna rubuta awon kowace taya a gaban direba.

Iri na biyu ba ya auna iska ko kaɗan. Ƙidaya yake yi. A misalta uba da ɗansa ƙarami suna tafiya kasuwa tare. Tafiyarsu ɗaya, amma yaron ya fi yawan taku, don ƙafarsa gajera ce. Haka tayar da ta rasa iska: tana ɗan ƙanƙancewa, sai ta fi sauran yawan juyi. Motar da ke da birkin ABS dama tana ƙidaya juyin kowace ƙafa. Idan kwamfuta ta ga ɗaya ta fi sauran sauri, sai ta kunna fitila.

Wannan iri na biyu ba shi da batir a cikin taya, ba shi da abin da zai karye. Amma sai mota tana tafiya yake aiki. Kuma na dā a cikinsu suna iya yin shiru idan tayoyin huɗu duka sun ragu daidai da juna. Duk lokacin da aka ƙara iska ko aka canza taya, dole a danna maɓallinsa, a sanar da shi cewa wannan shi ne daidai. In an danna shi alhali iska ba ta cika ba, an koya masa ƙarya ke nan.

Fitilar ba ta saurin magana

Ga babban abin da ya kamata kowa ya riƙe. Fitilar ba ta kamawa da zarar iska ta fara raguwa. A dokar Amurka, sai kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. A ta Turai, kashi ɗaya cikin biyar. Ga lissafi: motar Amurka da aka ce a sa mata kilo 2,4, fitilarta tana iya yin shiru har iska ta sauka zuwa kilo 1,8. Tayar da ke da kilo 2 ta riga ta fara wahala, amma fitila ba ta ce komi ba.

Ke nan mutuwar fitila ba shaida ba ce cewa iska ta cika. Kamawarta kuwa shaida ce cewa abu ya yi nisa. Mai gadi ce mai ihu in ɓarawo ya shigo gida. Rufe ƙofa aikin mai gida ne.

In ta kama, me za a yi?

Idan ta kama ta tsaya cak, wata taya ta rasa iska. Direba ya rage gudu a hankali, kada ya taka birki da ƙarfi. Ya sami wuri mai kyau ya tsaya, ya duba tayoyin duka. In akwai ƙusa ko ƙaya, ya sa safaya. In babu, ya lallaɓa zuwa wurin mai faci mafi kusa, a auna.

Idan ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya bayan an kunna mota, sannan ta tsaya a kunne, na'urar ce da kanta ba ta da lafiya. Sau da yawa batir ne ya ƙare. Batirin nan yana yin shekara 5 zuwa 10, kuma a rufe yake, sai dai a canza abin gaba ɗaya. Motar da aka ƙera a 2014 ta wuce shekara 10, don haka ba abin mamaki ba ne. Mai saye ya faɗi inda motarsa ta fito, domin na Amurka da na Turai ba tasha ɗaya suke magana ba. Bayan an sa sabo, galibi sai an sanar da mota lambarsa.

Idan ta kama da asuba lokacin ɗari, ta mutu bayan an yi ƴar tafiya, sanyi ne ya tona asiri. Iska tana takurewa da sanyi, tana kumbura da zafi. Duk saukar digiri 10 tana rage kusan kilo 0,1. Tayar nan tana bakin iyaka, tana son ƙari ranar nan.

Masu shiga rairayi, kamar masu zuwa ƙauyukan arewa, sukan rage iska da gangan don kada mota ta kafe. Fitila za ta kama, kuma gaskiya ta faɗa. Da an hau kwalta, a mayar da iska kafin a yi gudu.

Kira ga masu faci

Ku ne likitocin taya. Kafin a sa ƙarfe a ɓanɓare taya daga garenta, a duba bawul. In na ƙarfe ne mai noti, ko mai mota ya ce motarsa tana da fitilar nan, to a nisanta ƙarfe daga gindin bawul. Bugu ɗaya ya isa ya fasa abin, kuma kuɗinsa ya ninka kuɗin faci sau da yawa. In ya fashe, a gaya wa mai mota. Kada a sa masa bawul na roba a yi shiru.

Abin da ya rataya a wuyan kowane direba

Na ɗaya, ya san awon motarsa. An rubuta shi a wata ƴar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai, ko cikin littafin mota. Akwai awon mota ba kaya, akwai na mota cike da kaya. Lambar da ke jikin taya kuwa iyaka ce da ba a wucewa, ba ita ake bi ba.

Na biyu, ya auna da ma'auni sau ɗaya a wata, da kuma kafin doguwar tafiya. Ko taya ba ta huje ba, iska tana zurarewa kaɗan kaɗan. Kada a manta da safaya, don yawancinsu ba su da mai gadi.

Na uku, ya auna da safe, taya tana da sanyi. In ya auna tsakar rana bayan tafiya, zai ga iska ta hau. Kada ya sace ta. Da taya ta huce za ta koma daidai.

Na huɗu, mai tsohuwar mota da ba ta da fitila, da mai babur, su ma wannan magana tasu ce. Ma'auni ɗaya bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Fasinja ma yana da bakin magana. Wanda ya zauna gaba ya ga fitila rawaya mai siffar tukunya a kunne, ya tambayi direba cikin ladabi tun mota ba ta bar tasha ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai zo ba. Wanda ya iya karatu, ya karanta wa abokin aikinsa. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.