Suna Ko Lamba? Lacca Kan Haɗa Kayan Wasan Labari a Intanet

 Na san akwai masu mamaki a cikinku, a ce ɗalibi ya tara jama'a don ya yi musu magana kan wasa, alhali ga jarrabawa ta ƙarato. Ina roƙonku ku yi mini haƙuri na ɗan lokaci, domin wannan wasa ya koya mini abin da na tabbata zai amfani duk wanda zai riƙe fayil a ofis, ko zai rubuta kundin kammala karatu.

Da farko bari in bayyana wasan. A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Mutane huɗu ko biyar ke zama a tebur, kowanne ya ɗauki matsayin wani jarumi, ɗaya kuwa ya zama jagora, shi ke tsara gari da daji da abokan gaba. Jagora ya faɗi halin da a ke ciki, 'yan wasa su faɗi abin da za su yi, sa'an nan a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20, ita ke nuna ko abin ya yiwu ko bai yiwu ba. Ba caca ba ce, ba a sa ko kwabo. Ya fi kama da tatsuniyar da masu sauraro ke da bakin magana a cikinta.

Da intanet ta yaɗu sai aka ƙirƙiro manhajojin da suka maye gurbin tebur, har abokai da ke garuruwa daban-daban su iya wasa tare. Akwai Fantasy Grounds tun 2004, da Roll20 da ta fito a 2012, da Foundry Virtual Tabletop da ta fito a 2020. Kowacce tana ba jagora dama ya ƙera nasa kaya, wato ya rubuta nasa mutane, da makamai, da taswira, da tarihin gari, maimakon ya tsaya kan abin da kamfani ya buga.

To, a nan ne maganarmu ta ke. Wanda ya rubuta shafi 10 zai iya riƙe su a ka. Amma wanda ya rubuta 200 fa? Ga maƙeri yana zaune a wata unguwa, unguwar tana cikin taswira, takobin da ya ƙera yana hannun wani barde, barden kuma yana bin wani attajiri bashi. In 'yan wasa suka shiga maƙera, jagora yana bukatar duk waɗannan a gabansa nan take. Maganin wannan shi ne mahaɗi, wato kalmar da in ka latsa ta sai ta buɗe maka wani shafi. Tunanin ya girmi wasan ma: Vannevar Bush ya yi bayaninsa a 1945, Tim Berners-Lee kuwa ya gina yanar gizo a kansa daga 1989. A Roll20, in ka rubuta sunan wani shafi a cikin baka mai kusurwa ka adana, sai ya zama mahaɗi. A Foundry kuwa jawo shafin a ke yi a jefa shi cikin rubutu.

Yanzu bari in ba ku labarin abin da ya same ni. A yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata 8, ni da abokaina huɗu muka watse, kowa ya koma garinsu. Don kada zumunci ya yanke sai muka riƙa haɗuwa kowane daren Asabar a ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji, ni ne jagora. Na ƙago wani birni mai ganuwa da ƙofofi 7, na zuba masa mutane, cikinsu har da wani maƙeri da na sa wa suna Tanko, wanda kusan rabin labarin ke ratsawa ta maƙerarsa. Wata rana na ga shafinsa ya yi tarkace da yawa, sai na ce bari in share shi in sake sabo mai tsabta. Na share, na buɗe sabo, na sa masa sunansa na da, ban canza ko harafi ɗaya ba, na je na kwanta da murna. Da Asabar ta zo, wasa ya yi daɗi, jarumai suka isa maƙera, na latsa sunan Tanko, shiru. Na koma wani shafi na latsa, shiru. Duk inda na taɓa ambatonsa, wajen wuri 30, mahaɗin ya mutu. Abokaina suna can suna ƙona kuɗin data, ni ina nan ina lalube, har ɗaya ya yi barci. Laifin kuwa nawa ne, ba na kowa ba.

Me ya faru? Ni suna na ke gani, amma na'ura lamba ta ke gani. A Foundry, alal misali, kowane shafi yana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 16, wadda a ke ba shi ran da aka buɗe shi, kuma ita ce mahaɗi ke riƙewa. Saboda haka in ka canza wa Tanko suna ya koma Ɗanjuma, mahaɗi zai ci gaba da kai ka wurinsa. Amma in ka share shi ka buɗe wani, ko da sunansu ɗaya, a wurin na'ura wani mutum ne dabam. Yayyenmu ma'aikata sun fi ni sanin wannan. A rajistar ma'aikata za a iya samun Musa Ibrahim uku, abin da ke raba su shi ne lambar fayil. In akawu ya yaga fayil ya buɗe sabo da sabuwar lamba, duk wasiƙun da suka ambaci tsohuwar lamba sun zama marayu.

Abu na biyu da ya kamata a gane shi ne, mahaɗi hanya ɗaya ya ke bi. Shafin kasuwa ya san yana nuna Tanko, amma shafin Tanko bai san wa ke nuna shi ba, shi ya sa babu abin da ya tsayar da ni lokacin da na zo sharewa. Ted Nelson, wanda ya yi rubutu kan wannan fanni tun 1965, ya daɗe yana sukar yanar gizo kan wannan aibi, yana ganin kamata ya yi mahaɗi ya zama mai kai da komowa.

Abu na uku, akwai bambanci tsakanin mahaɗi da kwafi. In ka ƙera takobi a Foundry ka jawo shi kan takardar wani jarumi, kwafi aka ba shi. In daga baya ka ƙara wa na asali kaifi, wanda ke hannun jarumin yana nan yadda ya ke. Daidai ya ke da sanarwar da aka buga aka raba wa ofisoshi: gyaran da aka yi wa ta hedkwata ba ya bin sauran, sai an sake aikawa. Haka kuma kaya na iya zama a rumbu, wato ma'ajin da a ke ɗebowa daga ciki zuwa wasanni daban-daban, kuma abin da ka ɗebo yakan sami sabuwar lamba in ba ka zaɓi a bar masa tasa ba. Mai haɗa shafuka dole ya san wanne ya ke nunawa, na rumbu ko na cikin wasa.

Na huɗu shi ne izini. Kowane shafi jagora ne ke yanke wanda zai iya ganinsa. In ka ba 'yan wasa wasiƙa mai mahaɗi zuwa shafin da ka kulle, ba zai buɗe musu ba. Amma fa kalmar da ka rubuta tana nan suna gani, don haka in ka sa wa shafi suna "Waziri Maci Amana", ka tona asirin labarinka da hannunka.

Saura magana ɗaya, ita ce ta mallaka. Tun 2000 kamfanin Wizards of the Coast, mai Dungeons & Dragons, ya ba da lasisin da ya yarda wa kowa ya gina nasa kaya a kan dokokin wasan. A Janairun 2023 labari ya fito cewa za a tsaurara shi, masu wasa da ƙananan maɗaba'u suka yi ca, kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye, har ya saki jigon dokokin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons. An yi nasara a wannan karo, amma darasin a fili ya ke: zanen aro ba ya rufe katara. Roll20 a kan na'urorin kamfani ta ke ajiye kayanka, Foundry kuwa za ka iya girka ta a kwamfutarka. Ko wacce ka zaɓa, ka sani mahaɗan da ka ƙulla a wata ba lalle su bi ka zuwa wata ba.

Shawarata ke nan a taƙaice. Ka gyara shafi, kada ka share shi. Ka bar kowane abu da asali guda, sauran wurare su nuna shi. Ka raɗa sunayen da ba za su yi karo ba, kuma ba za su tona asiri ba. Ka ajiye kwafin aikinka a hannunka kafin kowane babban gyara, domin rigakafi ya fi magani.

Ni dai kwana uku na yi ina bin shafuka ɗaya bayan ɗaya kafin in mayar da Tanko maƙerarsa, kuma har yau abokaina ba su daina tsokanata ba. In akwai mai tambaya, ga ni.