Ƙofar gidanmu, fentin Sallah da gubar dalma

Yau dai ba siyasa, ba tsadar rayuwa. Maganar fentin ƙofa zan yi, kuma kar ku yi dariya tukuna.

Ana saura mako biyu Sallah, Umma ta ce min, "Kai da ka yi digiri, ko ƙofar nan ba za ka iya gyara mana ba?" Ƙofar ƙarfe ce, tun muna yara take nan, tsatsa ta ci gindinta, ga ragowar fastocin 'yan siyasa manne a jiki. Na samo wuƙa da burushin ƙarfe na hau kankara. Ina cikin yi na waiga, sai ga 'yar yayata, shekararta biyu, zaune a zaure tana tsintar ɓawon fentin tana kaiwa baki. Wallahi gabana sai da ya faɗi.

Me ya tsorata ni? Dalma. Masu haɗa fentin mai sun daɗe suna zuba ta don launi ya fito, ya kuma bushe da wuri, musamman ruwan ɗorawa da ja. Amurka ta hana ta a fentin gidaje tun 1978. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai shi ne kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu adadin dalma da za a kira lafiyayye a jikin yaro. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage basira, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Mu ai mun san ta: a 2010 yara sama da 400 suka rasu a Zamfara. Waccan daga duwatsun zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce. Ta fenti ba ta zuwa da hayaniya. Yaro yana wasansa, sai an sa shi makaranta a ce ba ya ganewa, a hau dukansa.

To ya na yi? Na kori yara cikin gida, na ce mai juna biyu ma kar ta biyo ta zauren. Na shimfiɗa buhuna a ƙasa. Na riƙa yayyafa wa ƙofar ruwa ina kankarewa, don kada ƙura ta tashi. Wasu suna ƙona tsohon fenti da wuta don sauri. Don Allah kar ku yi, hayaƙin nan za ku shaƙa. Da na gama na tattara ɓawon na ɗaure a leda, na goge dakalin da jiƙaƙƙen tsumma, kayan jikina na wanke su daban.

Sauran aikin haƙuri ne kawai. Ƙarfen ya bushe sarai, a fara da jan fentin nan mai hana tsatsa, sannan fentin mai, shafi biyu marasa kauri, a bar kwana guda a tsakani. Da sassafe, kafin ƙarfe ya ɗau zafi. Lokacin hunturu kuwa ƙura za ta manne a jiki, ka yi asarar kuɗinka.

Abin da ya ba ni haushi shi ne kasuwa. Na tambayi mai shago ko fentin nasa babu dalma, ya ce, "Yallaɓai, wannan mai kyau ne." Ba abin da na tambaya ba kenan. Sai a shago na uku na samu gwangwanin da aka rubuta babu dalma a jikinsa. Ya ɗan fi tsada, na saya. Ku ma ku riƙa tambaya, ko da za a kalle ku kamar mahaukata. In masu tambayar suka yi yawa, dole mai shago ya tambayi wanda ke kawo masa.

Launin kuwa shuɗi na so, Umma ta ce kore. Kore aka yi.