Amana da Ingancin Aiki: Darasi Daga Motocin Makaranta da Ake Mayarwa Gidaje a Amurka



 Batun da na zaɓa ya faru ne a nesa, amma Hausawa na cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wani tsohon ɗalibina da ke tuƙin babbar mota a Amurka ne ya fara jawo hankalina gare shi, bayan ya tafka asara a hannun wani kamfani da ba zan ambaci sunansa ba.

Bari mu fara da ita kanta motar. A shekarar 1939 wani malami mai suna Frank Cyr ya kira taro a Kwalejin Horon Malamai ta Jami'ar Kolumbiya da ke birnin New York, inda aka tsayar da ƙa'idojin ƙera motar ɗaukar 'yan makaranta, har da launin ruwan ɗorawa da aka san ta da shi. Akwai irin waɗannan motoci kimanin 480,000 a ƙasar, suna ɗaukar yara sama da miliyan 20 a kowace ranar karatu. Manyan masu ƙera su sun haɗa da Blue Bird da Thomas Built Buses da IC Bus. A 1977 gwamnatin tarayya ta ƙara tsaurara dokar ƙirarsu. Daga cikin sharuɗɗan, dole rufin motar ya iya jure nauyin da ya kai na motar sau ɗaya da rabi, domin ko ta kife kada ya danne yara.

Idan mota ta yi shekara 12 zuwa 15 tana aiki, hukumar makarantu takan yi gwanjonta a kan 'yan dubban daloli. Nan ne masu son gidan tafi-da-gidanka suke shigowa. Sukan saye ta, a cire kujeru, a sa gado da kicin da banɗaki da tankin ruwa da farantan hasken rana. Abin ba sabo ba ne, domin kamfanin Blue Bird da kansa ya ƙera irin wannan gida mai suna Wanderlodge daga 1963 zuwa 2009. Amma tsadar haya, da annobar korona ta 2020 wadda ta sa mutane da yawa yin aiki daga nesa, sun sa kasuwar ta bunƙasa. Kyawawan hotuna suka cika intanet, ƙananan kamfanoni suka yi ta ɓullowa. Wasu gwanaye ne masu amana, wasu kuwa ba su da komai sai daɗin baki da iya ɗaukar hoto.

To, ina algus yake ɓuya? Zan kawo wurare biyar.

Na farko, tsatsa. A jihohin da ƙanƙara ke zuba, irin su Michigan da Ohio, ana barbaɗa gishiri a kan titi, gishirin kuma yana cin ƙarfen ƙarƙashin mota. Mai gaskiya zai ɗaga daɓen motar, ya kankare tsatsa, ya toshe ramukan da kusoshin kujeru suka bari. Maha'inci kuwa sai ya shimfiɗa sabon katako a kai, ya rufe ɓarna.

Na biyu, ɗaga rufi. Tsawon cikin motar bai wuce ƙafa shida da 'yan inci ba, don haka da yawa sukan so a ƙara shi. Yin haka na bukatar a yanke haƙarƙarin ƙarfen da ke riƙe da rufin, a ƙara wani, a yi walda. Idan waldar ba ta kama ba, ƙarfin nan da dokar 1977 ta tilasta ya tafi ke nan, kuma babu mai gani, domin an lulluɓe wurin da falle da fenti.

Na uku, nauyi. Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka rubuta mata. Galan 100 na ruwa a ma'aunin Amurka ya kai lita 378, wato kilo 378. A ƙara katako da batura da tayil. Idan aka jibge su a gefe guda, ko a bayan tayoyin baya, tuƙi ya rikice, birki da taya su wahala.

Na huɗu, wuta da gas. Gida a zaune yake, mota kuwa kullum cikin jijjiga take. Wayar da aka ratsa ta cikin ƙarfe ba tare da roba ba za ta goge ta yi tartsatsi. Baturi babu fis ɗin da ya dace da shi gobara ce ke jiran ranarta. Bututun gas mai yoyo, ko murhun ɗumama ɗaki da hayaƙinsa ba ya fita waje, na iya kashe iyali suna barci, domin gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari ko launi.

Na biyar, danshi. Tagogin motar makaranta sun shahara da yoyo, kuma numfashi da tururin girki kan zama raɓa a jikin ƙarfe mai sanyi. Idan ba a rufe bango yadda ya kamata ba, katako ya ruɓe, fumfuna ta kama daga ciki.

Ku lura, duk waɗannan biyar ɗin a ɓoye suke. Abin da ido ke gani shi ne kabad da labule da fitilu.

Me ya sa hukuma ba ta hanawa? A Amurka akwai ƙungiyar masu ƙera irin waɗannan gidaje, RVIA, wadda ke bin masana'antun 'ya'yanta da binciken ba-zata a kan ƙa'idojin wuta da gas da famfo, tana kuma ba da hatimi. Sai dai shigarta ba dole ba ce, ƙananan masu sauya motocin makaranta da yawa ba sa cikinta. Ofishin rajistar motoci na jiha ya fi damuwa da a cire alamar tsayawa da fitilun makaranta, a wasu jihohin a sauya fenti, a nuna wurin kwana da na girki. Ba ya buɗe bango ya duba walda. Shi ya sa kamfanonin inshora da dama ke ɗari-ɗari da waɗannan motoci.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya ci ɗalibina. Ya ba da kafin alƙalami mai kauri, aka yi masa alkawarin wata shida. Shekara ta zagayo, uzuri na bin uzuri. Ashe da kuɗin sabon mai saye ake ƙarasa aikin na baya, kamar mai haƙa rami don cike wani. Ranar da sababbin masu saye suka ɗauke ƙafa, kamfanin ya durƙushe. Ya tarar da motarsa a fili, an yanke rufi ba a gama haɗawa ba, ruwan sama ya shiga. A dokar fatara ta Amurka, banki mai riƙe da jingina shi ake fara biya, wanda ya ba da kafin alƙalami kuwa ɗan abin da ake fifita masa bai wuce 'yan dubban daloli ba. Sauran sai ya bi layi.

Da na tambaye shi abin da zai yi da a ce yau ne, ga abin da ya lissafa mini. Ya je wurin aikin da ƙafarsa, domin gani ya kori ji. Ya nemi waɗanda suka shekara suna zaune a motar da kamfanin ya ƙera, ba waɗanda suka karɓa jiya ba. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da sunan kowane kaya da ranar gamawa. Takardun mota su kasance da sunansa tun farko. A biya kuɗi mataki-mataki, bayan an ga aikin kowane mataki. A kawo mai bincike wanda ba ya cin abincin kamfanin, ya duba waya da bututu da walda kafin a rufe bango. A auna motar a sikeli bayan an gama. A tambayi kamfanin inshora kafin a fara, ba bayan an gama ba. Kuma a guji wanda farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa, domin araha ba ta ado.

'Yan'uwa, na san cikinmu babu mai shirin kwana a motar makaranta. Amma da yawanku kuna zaune a Legas ko Abuja ko Kaduna, kuna turo kuɗi ana yi muku gini a gida, kuna dogaro da hoton da aka aiko ta waya. Hoto yana nuna fenti, ba ya nuna yawan simintin da ke cikin bulo, ko rodin da ke cikin dakin. Matakan da ɗalibina ya koya da tsada, ku ɗauke su kyauta.

Ga matasanmu masu sana'ar hannu kuma, na shafe shekaru ina duba littattafan yara, na kuma san cewa ɗalibin kirki shi ne wanda shafin tsakiyar littafinsa yake da tsabta kamar na farko. Ku kyautata aikin da za a rufe da filasta kamar wanda za a gani. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sunan kirki kuwa jari ne da 'ya'yanku za su gada.