Takardar Gida Tana da Ranar Ƙarewa: Jawabi ga Ikkilisiyoyinmu

Yau za mu yi magana ne a kan gidajen da muke zaune a ciki, da takardun da suke riƙe da su.

Yaranmu da yawa sun bar ƙauye sun shigo Zariya neman ilimi da abinci. Wasu suna haya, wasu kuma sun tara kuɗi sun sayi gida a Wusasa, Tudun Wada ko Sabon Gari. A tsohuwar unguwa kamar Kwarbai cikin birni, yawancin gidaje na gādo ne, maƙwabta da mai unguwa su ne shaidu. Mu ma haka muka saba a ƙauye. Amma baƙon da ya shigo gari ba shi da kakan da aka sani a wurin. Takarda ce shaidarsa, takarda kuwa tana da ranar ƙarewa.

Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. A cikin gari gwamna ne ke ba da izinin zama, a karkara kuma ƙaramar hukuma. Satifiket ɗin gidan zama yawanci shekara 99 ne. Ku lura da wannan lissafi: in an ba da satifiket a 1980, zai ƙare a 2079. Wanda ya sayi gidan a 2025, shekara 54 da suka rage ya saya, ba a sake ƙirga masa daga farko. Kuma sayar da gida mai satifiket ko jinginar da shi ga banki yana bukatar amincewar gwamna.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan tsari ba. A Ingila mutane da yawa suna sayen ɗakunan bene na ƙayyadaddun shekaru, kuma darajar gidan tana raguwa yayin da shekarun ke raguwa. Sai da aka yi doka a 1993 wadda ta ba su ikon ƙara shekara 90. Darasin ɗaya ne: mai jira har lokaci ya ƙure shi ne ke shan wahala.

To, me za mu yi?

Na fari, mu ɗauko takardunmu mu duba ranar farawa da ranar ƙarewa. Wanda bai iya karatu ba ya nemi dattijon ikkilisiya ya karanta masa.

Na biyu, mu riƙa biyan kuɗin ƙasa na shekara-shekara, mu adana rasit. Doka ta ba gwamna ikon soke izinin wanda ya karya sharuɗɗan satifiket. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke kula da rajistar filaye. Can za mu kai tambaya a kan sabuntawa, ba wurin dillali a bakin hanya ba.

Na uku, masu haya kada su jira sai kuɗinsu ya ƙare. Tun da sauran wata biyu ko uku, a je wurin mai gida cikin ladabi a daidaita. A rubuta kuɗin, da tsawon lokaci, da wanda zai gyara rufi in damina ta ɓata shi. Kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kofinsa. Haka nan gonar aro, ta haya ko ta jingina.

Na huɗu, maigida ya nuna wa matarsa inda takardun suke. Sau da yawa gwauruwa da marayu ne ke rasa matsuguni, domin yarjejeniyar ta baki ce, wanda ya yi ta kuma ya rasu.

Wani zai ce, ai rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin amincewa ne. Ba haka ba ne. Mu karanta Irmiya sura 32. Annabin ya sayi gona a Anatot daga hannun ɗan'uwansa Hanamel a kan shekel 17 na azurfa. Ko da yake dangi ne, ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya kuma sa Baruk ya ajiye takardun cikin tulun ƙasa domin su daɗe. Mu ma mu sa namu cikin leda da akwatin ƙarfe, nesa da gara da ruwa, mu kuma ajiye kofi ɗaya a wani wuri dabam.

Muna roƙon fastoci, dattawa da zumuntar mata su keɓe rana ɗaya bayan sujada domin duba takardun membobi, a fara da na gwauraye. Ubangiji ya ba mu hikima, ya kiyaye gidajenmu. Amin.