SATIRU: BA FATALWA KE YAWO A KUFAI BA, TARIHI AKA BINNE

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin malamanmu ya gabatar ga matasa 'yan uwa na Gaya da Ajingi a wajen ta'alimin mako. Wakilinmu ne ya rubuto mana. A sha karatu lafiya.

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (S) da iyalan gidansa da sahabbansa zaɓaɓɓu.

'Yan uwa, wani matashi daga Ajingi ya tare ni da tambaya. Ya ce ya ji ana cewa akwai wani kufai a ƙasar Sakkwato da ba a kwana, wai da dare ana jin sukuwar dawaki da koke-koke, wai fatalwar waɗanda aka kashe ce. Na ce masa, ka san sunan wurin? Ya ce Satiru. Na ce, su wa aka kashe, wa ya kashe su? Sai ya yi shiru. To wannan shirun shi ne abin da zan yi magana a kai yau.

Satiru ƙauye ne kamar mil 14 kudu da birnin Sakkwato. Mutanensa talakawa ne da almajirai da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu. A 1903 Nasara suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira, ya yi shahada a Burmi. A 1904 wani malamin Satiru ya yi da'awar Mahdiyanci, aka kama shi, ya rasu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi. Sai ga wani malami makaho, Ɗan Makaho, ya tsallako daga ƙasar da Faransa ta mamaye, suka haɗa kai, suka ƙi mulkin Nasara.

Ran 14 ga Fabrairu 1906 aka tura musu sojan doki. Mutanen nan suka fito da fartanya da gatari da kibiya, irin kayan da maƙeranmu na nan Gaya suke ƙerawa, suka kashe Turawa 3, Hillary da Scott da Blackwood, da sojoji baƙar fata sama da 20, suka ƙwace babbar bindiga mai ruwan harsashi. Hankalin Lugga ya tashi. Ran 10 ga Maris ya aiko da soja sama da 500. A yini guda aka kashe mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara wajen 3,000, aka rushe garin. Ɗan Makaho aka yanke masa hukuncin kisa a Sakkwato. Sarkin da Nasara suka naɗa, Attahiru na Biyu, ya tsine wa duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Wata ɗaya bayan haka, a Afrilu, suka juyo nan gabas suka afka wa Haɗeja, suka kashe Sarki Muhammadu.

To ka ga inda tsoron ya samo asali. Wurin da hukuma ta hana zama, sarki ya yi baki a kansa, dole ya zama daji. Uba yana tsoron gaya wa ɗansa abin da ya faru, don kada magana ta kai kunnen masu mulki, sai ya ce masa kawai, kada ka bi ta can. Jika ya taso bai san dalili ba, sai ya cike gurbin da fatalwa. Wa ya ci riba? Azzalumi. Domin mutumin da ke tsoron gawa ba zai tsaya ya tambayi wanda ya yi kisan ba.

Sannan a aƙida, me addini ya ce? Ku duba Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100. Mamaci zai roƙi a mayar da shi duniya, ba za a mayar da shi ba, akwai barzahu tsakaninsa da mu har ranar tashi. Larabawan jahiliyya ma suna da irin wannan camfi. A wajensu wanda aka kashe ba a rama masa ba, wani tsuntsu kamar mujiya zai fita daga kansa ya riƙa kuka a kan kabarin yana neman fansa. Manzon Allah (S) ya kore wannan, yana cikin Buhari da Muslim. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya tabbatar da su, amma aljani daban, ruhin mamaci daban. Kuma mu dubi Uhudu, inda sahabbai 70 suka kwanta, har da Sayyidina Hamza. Manzo (S) bai gudu daga wurin ba, zuwa yake yi yana musu sallama da addu'a.

Kada kuma wani ya fita daga nan ya ce na wanke Satirawa daga kowane kuskure. A'a. Da'awar Mahdiyanci ba a kan daidai take ba, kuma kafin zuwan soja sun ƙone ƙauyen maƙwabtansu, Tsomau, don ya ƙi bin su, an rasa rayuka. Jinin Musulmi ba abin wasa ba ne. Sun yi gaskiya da suka ƙi wulaƙancin Nasara, amma zafin zuciya ba ya maye gurbin ilimi da haƙuri. Hausawa sun ce gaggawa aikin Shaiɗan. Hisabinsu yana wajen Allah, mu namu shi ne addu'a da ɗaukar darasi.

Don haka ga aiki na ba ku. Mu ma nan ƙasar Gaya muna da kufai da tsofaffin ganuwa, kuma Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 ta ratsa ta wannan yanki. Kowa ya je wajen tsoho a unguwarsu da littafi da biro. In ya ce maka wuri kaza ana tsorata mutane, ka ce, Baba, me ya faru a wurin? Su wa suka mutu? Ka rubuta. Ka kawo mana mako mai zuwa mu tace, mu ware tarihi gefe, camfi gefe. Wanda ba ya iya zuwa sallar Asuba don hanya ta bi ta gefen maƙabarta, ya san Shaiɗan ne ya tare shi, ba mamaci ba.

Allah ya jiƙan Musulmin da suka kwanta a Satiru da Burmi da Haɗeja, ya cire mana tsoron kowa sai nasa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.